Ciwon Ƙoda Ya Kama Ni: In Sayi Gida Ko In Riƙe Kuɗina?

Baban Uku:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa, shawara nake nema, kuma duk wanda zai ba ni ina roƙonsa ya faɗa mini gaskiya ko da ba daɗin ji. Na daɗe da ciwon suga da hawan jini, yanzu sun taɓa mini ƙoda. Likita ya ce ina mataki na 4, bai kuma ɓoye mini ba cewa nan gaba ƙila sai an fara yi mini wankin ƙoda. Har yanzu ina zuwa aiki, albashi na shigowa, sai dai gajiyar da nake yi yanzu ba irin ta da ba ce.

A haya muke, ni da mai ɗakina da yara uku, babbar cikinsu ba ta gama sakandare ba. Abin da na tara ya kusa rabin kuɗin wani gida da na gani, banki kuma ya ce zai cika mini sauran in biya cikin shekara 20. Zuciyata ta rabu biyu. In na saya, ko ta Allah ta kasance, na bar su a muhallinsu, babu mai buga musu ƙofa a kan kuɗin haya. In kuma na saya ciwon ya tsananta, da me zan yi jinya? Me kuka gani?

Hajiya Mai Haƙuri:
Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, ɗan uwa. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Ban san lissafi ba, amma na san mai tunanin iyalinsa a irin wannan hali Allah ba zai taɓar da shi ba.

Ɗan Autan Zaure:
Yaya, ka saya kawai. Ƙasa ba ta faɗuwa. Kuɗin da ka ajiye kullum darajarsa raguwa take yi, haya kuma zuba wa wani kake yi a aljihu. In ciwon ya yi tsanani sai a sayar da gidan a yi magani, me aka rasa?

Akawu:
Allah ya ƙara sauƙi, Baban Uku. Aikina lissafi ne, don haka bari in sa maka lambobi a gaba kafin zuciya ta yanke hukunci.

Mutane da yawa suna ɗauka in sun yi shekara 5 cikin bashin shekara 20, sun biya kwata ke nan. Ba haka bashin gida yake tafiya ba. A shekarun farko, yawancin abin da kake biya kowane wata kuɗin ruwa ne, uwar kuɗin kaɗan take motsi. Mu ɗauki misali da ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara, na tsawon shekara 20. A biyan watan farko, kusan kashi 86 na abin da ka bayar ruwa ne. Bayan shekara 5 cif, abin da ya fita daga aljihunka ya kai kusan kashi 58 na adadin da ka ci, amma abin da bashin ya ragu da shi kusan kashi 10 ne kawai. Kashi 90 na nan a wuyanka. In ka kai ƙarshen shekara 20, ka biya ninki biyu da kusan sulusi na abin da aka ba ka. Ruwan da za a yanka maka zai iya fin haka ko ya gaza, amma siffar abin ɗaya ce.

To ka tambayi kanka: in albashi ya tsaya a shekara ta 3 ko ta 4, me iyalinka suka gada? Gida ne da yake jingine a hannun banki, da biyan wata-wata da ba ya jiran kowa ya warke. In an kasa biya, bankin na da ikon sayar da shi ya cire haƙƙinsa, abin da ya yi saura shi za a miƙo musu.

Ɗan Auta kuma, ƙanina, maganarka ta "sai a sayar" ita ce ta fi ba ni tsoro. Gida ba ya zama kuɗi ranar da kake so. Sai an sami mai saye, an yi ciniki, an duba takardu, an cire la'adar dillali da kuɗin lauya da na canjin suna. Ka biya irinsu lokacin saye, ka sake biya lokacin sayarwa. Shi ya sa masu harkar gidaje sukan ce wanda ba zai yi kamar shekara 5 a gida ba, da wuya ya mayar da abin da ya kashe wajen shiga da fita. Asibiti kuwa yau take son kuɗinta.

Uwar Marayu:
Akawu, wallahi kamar kana gidanmu lokacin. Marigayi maigidana ya saka duk abin da ya mallaka a gida, wata 'yan kaɗan kafin a gano ciwonsa. Da jinya ta ci ƙarfinmu muka sa gidan a kasuwa. Duk wanda ya zo dubawa sai ya ga marar lafiya kwance a falo, ga ledar magunguna a kan tebur, ga ni idona ya kumbura. Ba sai an faɗa masa muna cikin matsi ba, ya gani da idonsa. Tayin da suka riƙa yi mana ko kunya babu. Daga ƙarshe muka sallama da faɗuwa, muka koma haya da marar lafiya a hannu. Kwashe kaya da mutumin da ba ya iya tsayuwa, ba na fatan ko maƙiyina ya gani.

Ɗan uwa, matarka ta fi bukatarka a kan bango. Kuɗin da zai ƙara maka shekaru tare da yaranka kada ka binne shi a siminti.

Gwaggon Yara:
'Yar uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Amma ni nawa labarin akasin naki ne, kuma ya kamata Baban Uku ya ji duka biyun. Yayana ya yi fama da ciwon zuciya, kowa ya ce kada ya sayi gida, ya toshe kunnensa ya saya. Ƙarami ne, ɗaki biyu, ba wani abin nunawa ba. Da ya rasu, matarsa ba ta da aikin albashi, amma ba ta taɓa kwana da fargabar sanarwar tashi ba. Yaran ba su canza makaranta ba, ba a raba su gidajen dangi ba. Ɗan abin da take samu a abinci da karatu yake tafiya. Da haya suke, ban san inda za su kasance yau ba. Mace da yara a gidan haya bayan rasuwar miji, wanda bai gani ba ba zai gane ba.

Akawu:
Gwaggo, tambaya ɗaya: da bashi ya saya ko kuɗi hannu?

Gwaggon Yara:
Kuɗi hannu. Shi ya sa ma ya sayi ƙarami. Kuma wurin aikinsa ne ke ɗaukar mafi yawan kuɗin maganinsa.

Akawu:
To kin ga inda labarinku ya rabu da na Uwar Marayu. Yayanki ya sayi abin da ya fi ƙarfin kowa ya ƙwace, kuma jinyarsa ba ta dogara da wannan kuɗin ba. Baban Uku kuwa zai ƙarar da ajiyarsa, ya ɗora bashi a kai, jinyar kuma tana gaba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Sannu Baban Uku. A sashen wankin ƙoda nake aiki, bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki, domin lissafin gidan ba zai yi daidai ba in ba ka san lissafin ciwon ba.

Da farko ka kwantar da hankalinka. Mataki na 4 yana nufin awon tacewar ƙodarka yana tsakanin 15 da 29. Sai ya sauka ƙasa da 15 ake cewa mataki na 5, kuma ko a nan ba lambar kaɗai ake dubawa ba, ana duba yadda jikin yake: kumburi, amai, numfashi, yawan sinadarin fotashiyam a jini. Akwai masu yin shekaru a mataki na 4 in sun riƙe suga da hawan jini da kyau, akwai kuma waɗanda nasu ke gudu da sauri. Likitanka zai iya duba sakamakon gwaje-gwajenka na baya ya ga saurin da yake sauka, da yawan furotin da ke fita a fitsari. Ka tambaye shi kai tsaye: "Likita, in abin ya ci gaba a haka, kusan yaushe kake ganin zan fara wanki, kuma zan iya ci gaba da irin aikina?" Yawancin likitoci ba sa fara wannan maganar sai an tambaye su. Amsarsa ta fi duk shawararmu nauyi. (Kuma don Allah ka guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da duk wani haɗi da ba likitanka ya rubuta ba. Su ke ingiza ƙodar da ta riga ta gaji.)

In an kai ga wanki da na'ura, abin da aka saba shi ne sau 3 a mako, kowane zama kusan awa 4, ban da zuwa da dawowa da jiran layi. Ba a yin hutu. Da yawa in sun sauko daga na'urar sai kwanciya har yamma. Wasu na ci gaba da aiki, musamman na zaune, wasu kuma dole su rage ko su ajiye. Ga allurar ƙara jini, ga gwaje-gwaje, ga ɗan aikin da ake yi a hannu a haɗa jijiyoyi tun kafin a fara, wanda shi ma yana ɗaukar makonni kafin ya nuna. In Allah ya sa aka yi dashe, ba a gama ba, akwai maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar da za a sha har ƙarshen rayuwa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne nisa. Na ga mutanen da suka sayi gida a bayan gari saboda arha, ciwo ya zo, tafiyar ta gagare su, suka fara tsallake zama ɗaya a mako. Tsallake wanki na kashe mutum, ruwa ya taru a huhu, fotashiyam ya hau ya taɓa zuciya. Wasu sai da suka bar gidan nasu a kulle suka kama haya kusa da asibiti. Mai haya in bukata ta canza sai ya tashi ya bi maganinsa. Mai gida a ɗaure yake.

Baban Uku:
Na gode ƙwarai, 'yar uwa. Gidan da na gani yana da ɗan nisa da asibitin da nake zuwa, kuma bene ne, ɗakunan kwana duk a sama suke.

Ma'aikaciyar Jinya:
To ko da kuɗin ya cika, wannan gidan ba naka ba ne. Mai ƙarancin jini da kumburin ƙafa matakala goma sha ma azaba ce gare shi. In za ka saya, nemi na ƙasa, ko wanda aƙalla akwai ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa. Ka auna ƙofofin, keken marasa lafiya na son faɗin kusan santimita 80 zuwa 90. Ka duba ko mota na iya isa bakin ƙofa ko da damina. In kuma wankin ciki za a yi maka, wanda ake yi a gida, sai da ɗaki mai tsabta da wurin jibge kwalayen ruwan wankin, da ruwan wanke hannu da ba ya yankewa.

Mai Ciwo Mai Rai:
Na karanta duka, kuma ina da ƙorafi. Ni ma marar lafiya ne, ciwon daji ne, an yi mini aiki an yi mini ƙarin ruwan magani, ga ni ina rubutu. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne yadda mutane suke fara magana da kai kamar an gama da kai. Kada ka fara wannan, kada ka shiga wancan, ka jira ka gani. Jiran me? Masu lafiya nawa muka raka makwanci tun da aka ce mini kwanana ya ƙare? Bawan Allah nan yana son ya dasa bishiya a tsakar gidansa, ya yi fenti kalar da matarsa ke so. Wannan ma magani ne. Wanda ya daina shirin gobe jikinsa saurin sallamawa yake yi, na gani a ɗakin da muka kwanta.

Baban Uku, ban ce ka ci bashin shekara 20 ba. Na ce kada ka bar tsoro ya zaɓa maka.

Uwar Marayu:
Allah ya ƙara maka lafiya, ɗan uwa, maganarka ta taɓa ni. Ba cewa muke ya haƙura da rayuwa ba. Ni so nake ya rayu, shi ya sa nake cewa ya riƙe abin da zai yi jinya da shi.

Malam Na Gefe:
Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba. Mai Ciwo Mai Rai ya tuna mini da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda. Ya kwanta ciwo a Makka har ya fitar da rai, lokacin 'ya ɗaya ce da shi, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa sadaka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya nemi rabi ya hana, sai sulusi, ya kuma nuna masa cewa barin magada a wadace ya fi barinsu suna roƙon mutane. Sa'adu ya warke, ya yi sama da shekara 40 bayan nan, ya haifi 'ya'ya da yawa. Ka ga niyyar Baban Uku tana da asali, kuma ciwo ba shi ne ajali ba.

Sai dai a lura da abu uku. Bashi ana fitar da shi kafin a raba gado, ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun maimaita wannan. Wanda ya bar gida da bashi a kansa, bashin ne farko, magada daga baya. Sannan bashin da ake ƙara ruwa a kansa riba ce, kuma mutumin da yake tunanin haɗuwa da Ubangijinsa shi ya fi kowa cancantar ya nisance ta. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna da hanyoyi: murabaha, su saya su sayar maka da riba sananna ka biya a hankali, ko musharaka mai raguwa, ku mallaki gidan tare kana sayen kasonsu kaɗan-kaɗan kana biyan hayar abin da ya rage. Amma kada a ruɗe, su ma biyan wata-wata ne, gargaɗin Akawu na nan daram.

Na ƙarshe, in nufinka mai ɗakinka ta zauna a gidan babu mai tayar da ita, ka sani rabonta a gado tumuni ne tunda akwai 'ya'ya, in iyayenka na raye su ma suna da nasu kason, kuma babu wasiyya ga magaji. In kyauta za ka yi, ka yi ta yanzu da kake tafiya da ƙafarka, da shaidu, a kuma miƙa abin a hannu. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Ka zauna da malami masanin gado kafin ka sa hannu a komai.

Lauyar Zaure:
Malam ya yi bayani, in ƙara ta fuskar takarda. Yawancin masu ba da bashin gida suna neman a yi inshorar rai, ko takaful (inshorar tsarin Musulunci), wadda za ta biya sauran bashin in mai shi ya rasu. Wannan ita ce kaɗai za ta sa shirinka na farko ya yi ma'ana. Matsalar ita ce ciwon da aka riga aka sani. Kamfani zai iya ƙin karɓarka, ko ya tsauwala kuɗin, ko ya karɓe ka amma ya cire duk abin da ya shafi ƙoda da suga daga abin da zai biya. Ka nemi amsarsu a rubuce kafin ka ba da kafin alƙalami, ba bayan ba. Ka kuma tambaya ko tana biya in ciwo ya hana ka aiki kana raye, domin da yawa mutuwa kaɗai suka sani.

Kuma ina roƙonka, kada wani ya ba ka shawarar ɓoye ciwon a fom. Ranar da iyalinka suka je karɓa, kamfanin zai nemi fayil ɗinka na asibiti, ya ga ka san da ciwon, ya soke yarjejeniyar. Ka biya shekara da shekaru a banza, su kuma bashin ya dawo kansu a ranar da ba su da mai tsaya musu.

Ɗan Autan Zaure:
Na ji bayananku. Amma maganar darajar kuɗi fa? In ya ajiye yana kallo, hauhawar farashi ta cinye, nan da shekara 3 ko kwatan gidan ba zai saya ba.

Akawu:
Wannan gaskiyarka ce, ƙanina, kuma ban ce ya zuba su a asusun da ba ya haihuwa ba. Akwai wuraren ajiya da suke kawo wani abu kuma ana iya cirewa cikin kwanaki, irin su sukuk (takardun zuba jari na tsarin Musulunci) da asusun zuba jari na gajeren zango, ko zinari ga mai so. Ba lallai su kamo hauhawar farashi ba, amma asarar da za a yi a nan ba ta kai ta sayar da gida cikin gaggawa ba.

Baban Uku, ga yadda zan yi da ni ne. In fara ware kuɗin jinya da na cefanen gida na aƙalla shekara guda ba tare da albashi ba, bayan na binciki abin da inshorar lafiya ko wurin aiki za su ɗauka na wanki da abin da ba za su ɗauka ba. Wannan kuɗin ba na gida ba ne, ko an yi mini rabin farashi. Abin da ya yi saura shi ne kuɗin gida na gaskiya. In zai sayi ƙaramin wuri kusa da asibiti ba bashi, ko da bashin da mai ɗakinka za ta iya ɗauka ita kaɗai, bismillah. In ba zai saya ba, a ci gaba da haya, ba abin kunya ba ne.

Hajiya Mai Haƙuri:
Ni tambayata ɗaya ce tun ɗazu. Ita uwar yaran me ta ce?

Baban Uku:
Hajiya, ta san da ciwon, amma ba ta san ya kai haka ba, maganar bashin kuma ban yi mata ba. Ba na son in ɗaga mata hankali.

Uwar Marayu:
Haba ɗan uwa. Ita za ta kai ka asibiti sau uku a mako, ita za ta zauna a gidan, ita banki zai nema. Hankalinta zai tashi ko yau ko gobe, gara ya tashi kana kusa da ita kuna shawara. Ni sai bayan rasuwa na san inda wasu takardu suke, na san wa muke bi, wa ke binmu. Ka tafi da ita wurin likitan ta ji da kunnenta. Ƙila ma ta ce maka ita ba gida ne a gabanta ba, jari take so ta fara juyawa tun kana da ƙarfin koya mata, ko kuma a ajiye don dashe in an sami mai bayarwa.

Baban Uku:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Benen dai na cire shi a raina. Ina da ganin likita mako mai zuwa, tare za mu je da ita, zan kuma yi masa tambayar da 'yar uwa ma'aikaciyar jinya ta ce. Lauya, in kamfanin takaful ya ce zai karɓe ni amma ban da ƙoda, akwai sauran amfani a ciki?

Lauyar Zaure:
Kaɗan ne, tunda an cire abin da ka fi jin tsoro. Zai biya in hatsari ne ko wani ciwon da ba shi da alaƙa da wannan, amma ka karanta yadda suka rubuta togaciyar da kyau. In suka ce "da duk abin da ya samo asali daga suga ko hawan jini", to bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ma za su iya cewa daga nan suka fito. Ka fara duba ko wurin aikinka na da inshorar rai ta ma'aikata gaba ɗaya, irin wannan sau da yawa ba a yi wa kowa gwaji kafin a sa shi, sai dai takan tsaya ranar da ka bar aikin. In ka karɓo takardar sharuɗɗan, ka rufe sunanka da lambobinka ka turo mini shafin togaciyar in duba maka.